Idan Malami Zai Daɗe Bai Shiga Aji Ba, Me Za Mu Yi?

A yawancin ƙauyukan da muke ziyarta, makarantar firamare tana da aji shida, amma da wuya a iske malamai shida a cikinta. Wata tana da biyar, wata huɗu, wata ma uku, har da hedimasta a cikin lissafin. A makarantar birni, in malami ɗaya ya tafi hutu akan sami wanda zai shiga ajinsa. A ƙauye kuwa, tafiyar malami ɗaya takan bar aji guda, wani lokaci har biyu, ba mai koya musu.

Rashin kwana ɗaya ko biyu da sauƙi, malamin ajin da ke kusa yakan leƙa ya ba yara aiki. Abin da muke so mu duba a wannan fitowa shi ne rashi mai tsawo, na wata biyu, wata uku, wata shida ko fiye. Bari mu yi lissafi. A makarantar da ke buɗewa kwana biyar a mako, mako 12 kwana 60 ne na karatu, wato kusan zango guda cur, kashi ɗaya cikin uku na shekarar karatu. Yaron aji ɗaya, wanda bai daɗe da fara gane baƙaƙe ba, in ya yi kwana 60 ba wanda ya sa shi karatu, ɗan abin da ya koya ma zai zube. Hasarar kuma ba ta tsaya nan ba. Uban da ya ga ɗansa yana wasa a filin makaranta tun safe har rana zai ce gara ya bi shi gona ko ya tafi kiwo. Uwa za ta ɗora wa 'yarta talla ko reno. Sa'ad da malami ya dawo, wasu cikin yaran nan ba za su dawo ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, akwai aiki iri biyu da za a yi tare. Na farko, a nemi hukuma ta aiko da malami, gama alhakinta ne. Na biyu, kafin ya iso, a shirya yadda aji ba zai zauna wofi ba. In aka riƙe ɗaya aka saki ɗaya, yara ne za su sha wahala.

Dalilan da ke sa malami ya daɗe

Na farko shi ne hutun haihuwa. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mace mai aiki mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16. A shekarar 2019 Jihar Kaduna ta ƙara wa ma'aikatanta mata hutun zuwa wata shida, domin uwa ta sami shayar da jariri nono zalla. Kowace jiha da tsarinta, sai a tambaya a ofishin ilimi. Wannan hutu haƙƙin malama ne, kada kowa ya ga laifinta.

Na biyu, ƙaro ilimi. Takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da tsarin ilimi na ƙasa ya yarda a koyar da ita a firamare, masu NCE kuma da yawa suna neman digiri. Na uku, ciwo ko haɗarin hanya. Na huɗu, ritaya, mutuwa, ko canjin wurin aiki ba tare da an aiko da wani ba. Na biyar, rashin tsaro, wanda ya kori malamai daga ƙauyuka da dama a ƙasarmu.

In mun lura, haihuwa da karatu da ritaya duk akan san da zuwansu tun da sauran watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar da ta fara shiri wata biyu kafin malama ta tafi hutu ta riga ta warware rabin matsalar.

Akwai kuma malamin da ya daina zuwa ba izini, ba dalili, amma albashinsa yana shiga. Wannan wata magana ce dabam. Hedimasta ya rubuta rashinsa a littafin sa hannu, a yi masa magana ido da ido, in bai gyara ba a kai rahoto. Rufa masa asiri cutar yara ne.

Wa ke da alhakin kawo malami?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004, wadda aka sani da UBE, ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne. A kowace jiha akwai hukumar SUBEB. A kowace ƙaramar hukuma kuma akwai ofishin ilimi ƙarƙashin Sakataren Ilimi. Su ne ke raba malamai a makarantun gwamnati. Hedimasta ba shi da ikon ɗaukar malami ya sa shi cikin albashin gwamnati, dagaci ma ba shi da shi.

Amma jama'a suna da baki, ta hanyar kwamitin kula da makaranta, wato SBMC. Tun wajen shekarar 2006 aka umarci kowace makarantar gwamnati ta kafa shi. A cikinsa akwai hedimasta, wakilin sarauta, wakilan malamai, iyaye, mata, matasa, shugabannin addini, tsofaffin ɗalibai, har da yaran makarantar. In kwamitin ƙauyenku suna ne kawai a takarda, wannan ne lokacin tayar da shi.

Kwamiti da hedimasta su rubuta wa Sakataren Ilimi wasiƙa. Kada ta yi tsawo, amma ta ƙunshi waɗannan:

1. Sunan makaranta da ajin da zai rasa malami.
2. Yawan yaran ajin, maza nawa, mata nawa.
3. Ranar da malami zai tafi da ranar da ake sa ran dawowarsa.
4. Yawan malaman da suka rage da yawan yaran makarantar duka.
5. Abin da ake roƙo: a ba da aron malami daga ranar kaza zuwa ranar kaza.

Tsarin ilimi na ƙasa ya ƙayyade malami ɗaya ga yara 35 a firamare. In makarantarku tana da yara 240 kuma malamai huɗu ne za su rage, ku rubuta a fili cewa kowane malami zai riƙe yara 60. Lissafi ya fi kuka shiga kunnen ofis.

Hedimasta da shugaban kwamiti su sa hannu, dagaci ko mai unguwa ya sa nasa. A yi kwafi, a roƙi akawun ofis ya buga hatimi da kwanan wata a kan naku kwafin. Mutum biyu ko uku su kai da kansu, da mace a cikinsu. Bayan mako biyu a koma a ji amsa. A sanar da kansila. In shiru ya yi yawa, a rubuta wa SUBEB tare da kwafin wasiƙar farko.

Sau da yawa makarantun cikin gari suna da malamai fiye da bukatarsu. Abin da ke hana su zuwa ƙauye shi ne wurin kwana da kuɗin babur. In jama'a suka rubuta a wasiƙarsu cewa sun tanadi ɗaki mai ƙofa da makulli, kusa da ruwa, sun sauƙaƙa wa Sakataren Ilimi aikinsa.

Kafin malami ya tafi

In tafiyar sananniya ce, malami ya zauna da hedimasta mako biyu kafin ranar, ya miƙa masa:

1. Rajistar aji, cikakkiya har zuwa ranar.
2. Tsarin aikin zango, da alama a inda aka tsaya a kowane darasi.
3. Littafin shirin darasi, da shirin aƙalla mako biyu na gaba.
4. Makin gwaje-gwajen da yara suka yi, gama da shi ake haɗa sakamakon ƙarshen zango.
5. Sunayen yaran da ke baya a karatu, da masu larura, kamar wanda ba ya ji sosai ko ba ya hango allo daga nesa.
6. Littattafai, alli, makulli, duk a ƙirge a rubuce.

In an riga an san wanda zai riƙe ajin, ya zo ya zauna a baya kwana uku ko huɗu yana kallon yadda malamin ke koyarwa. A ranar ƙarshe malamin da kansa ya gabatar da shi ga yara. Yara sun fi saurin yarda da wanda malaminsu ya nuna musu.

In ciwo ne ya zo ba zato, hedimasta ya tara abin da ya samu a aji, ya duba littattafan rubutun yara uku ko huɗu masu ƙoƙari. Daga nan zai gane inda aka tsaya.

Ga malamin da ke son ƙaro ilimi, kwamiti ya tambaye shi ko zai iya bin hanyar da ba za ta raba shi da aji ba. Cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976, tana da karatun ƙarshen mako a cibiyoyi da ke jihohi. Kwalejoji da jami'o'i da yawa kuma suna da karatun dogon hutu.

Wane aji za a fara tsarewa?

Nan ne makarantu da yawa ke kuskure. Iyaye sun fi damuwa da aji shida, domin yaran suna shirin shiga sakandare. Saboda haka akan bar ƙwararrun malamai a manyan aji, a ce ƙananan yara kowa ma zai iya riƙe su, ai waƙa ce da wasa. Gaskiyar ita ce aji ɗaya zuwa uku su ne suka fi bukatar malamin da ya sami horo. Yaron aji biyar da ya iya karatu zai iya buɗe littafi ya yi aiki shi kaɗai na rabin awa. Yaron aji ɗaya ba zai iya ba. Koya wa yaro haɗa baƙi da wasali shi ne aiki mafi wuya a makaranta, kuma wanda bai iya karatu ba kafin ya bar aji uku zai yi ta jan ƙafa a dukan sauran darussa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga misali. A ce makaranta tana da malamai biyar. Aji ɗaya zuwa huɗu kowane da malaminsa, hedimasta yana riƙe da biyar da shida. Malamar aji ɗaya za ta tafi hutun haihuwa. Kada a kawo baƙon hannu a danƙa masa aji ɗaya. Malamin aji huɗu ya sauko aji ɗaya, in yana da haƙuri da ƙananan yara kuma yana jin yarensu. Malamin aji uku ya haɗa uku da huɗu. In an sami mai taimako daga gari, a sa shi tare da wannan malami, ya yi aiki a ƙarƙashin idonsa.

A sake jadawalin darussa kuma. Karatu, rubutu da lissafi su zo da safe, lokacin da hankalin yara ke tare da su. In lokaci ya gaza, waɗannan uku ne ba za a taɓa ba. A rubuta sabon tsarin a manna a bango, a aika da kwafi ofishin ilimi, domin mai duba makarantu ya san da shi.

Yadda ake haɗa aji biyu

Haɗa aji ba abin kunya ba ne. A ƙasar Kolombiya, tun shekarar 1975, aka gina wani tsari sukutum a kansa domin makarantun ƙauye masu malami ɗaya ko biyu. Sunansa Escuela Nueva, wato Sabuwar Makaranta, kuma ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi. Abin da ke ɓata shi a wurinmu shi ne a tara yara a ɗaki ɗaya a koyar da darasi ɗaya: manya su gaji, ƙanana su ɓace. Ga yadda ya fi kyau:

A haɗa aji masu maƙwabtaka, uku da huɗu, ko biyar da shida. A bar aji ɗaya shi kaɗai in da hali.

A raba zama. Kowane aji ya zauna a gefensa. A ja layi a tsakiyar allo, ko a shafa wa bango na biyu baƙin fenti, kowane rukuni ya fuskanci nasa allon.

A raba lokaci. Tun kafin yara su shigo, malami ya rubuta wa aji huɗu aiki a allonsu. Ya koyar da aji uku minti 15 ko 20, ya ba su aiki, sa'an nan ya juya ga aji huɗu ya duba abin da suka yi, ya koya musu sabon abu.

Wasu darussa a yi su tare: kiwon lafiya, aikin gona, zaman jama'a, wasannin motsa jiki. Bayani ɗaya ne, sai dai tambayoyin manya su fi wuya.

A darasin karatu, a raba yara bisa ga iyawarsu. Wannan dabara ta fito ne daga wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham, an gwada ta a Borno a 2018, a Kano kuma a 2019. Gwajin ba wuya. A kira yaro shi kaɗai a nuna masa baƙaƙe, sai kalmomi, sai gajerun jimloli, sai ɗan labari. Inda ya tsaya nan ne rukuninsa. Za a iske ɗan aji huɗu da bai wuce baƙaƙe ba, da ɗan aji uku da ke karanta labari. Kowa ya zauna da tsaransa a karatu na awa ɗaya, sa'an nan ya koma bencinsa.

Monita yana da amfani: ya raba littattafai, ya ja karatun baki, ya saurari ƙanana suna karantawa. Amma shi ma ɗalibi ne. Kada a ba shi bulala, kada a bar masa aji yini guda, a riƙa canza shi kowane mako.

Ina za a sami mai taimako?

Malamin da ya yi ritaya. Kafin dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, malami yakan ajiye aiki yana da shekara 60, ko bayan shekara 35 yana aiki. Wanda ya fara yana ɗan shekara 20 ya gama yana da 55. Da yawansu suna nan cikinmu da ƙarfinsu, wasu ma dattawa ne a ikkilisiya. Su ne zaɓi na farko, su ne kuma za a iya ba ƙananan aji. A je musu gida da ladabi, a roƙe su awa uku na safe kawai.

Mai NCE da bai sami aiki ba. Kusan kowace gunduma tana da su. Ya nuna takardunsa, hedimasta ya gani da idonsa.

Ɗalibai masu koyon aikin malanta. Kwalejojin ilimi, irin na Gindiri, Gidan Waya, Akwanga, Billiri, Hong, Zing da Waka-Biu, suna tura ɗalibansu gwajin koyarwa na wasu watanni. Hedimasta zai iya rubuta wa kwalejin da ke kusa tun da wuri. 'Ya'yan ƙauyen da ke karatu a can su nemi a turo su gida. Sai dai lokacin kwaleji ba lalle ya dace da lokacin bukatarku ba.

Masu yi wa ƙasa hidima. Tun 1973 ake tura waɗanda suka gama jami'a hidimar shekara ɗaya, da yawansu a makarantu. Ana nema ta hannun jami'in NYSC na ƙaramar hukuma, kuma masauki ne babban sharaɗi. Yawancinsu daga nesa suke, ba sa jin Hausa ko yaren gari, saboda haka sun fi dacewa da Turanci da lissafi a aji biyar da shida.

Wanda ya gama sakandare. Shi ne zaɓi na ƙarshe. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da lasisin koyarwa. Wanda ba shi da horo mataimaki ne, kada a kira shi malamin aji. Kowace Jumma'a hedimasta ya zauna da shi su shirya darussan mako mai zuwa. In makaranta tana da jagoran malami mai bayyana darasi mataki-mataki, irin na littattafan Mu Karanta! da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato tun daga 2016, a ba shi ya bi.

Ko wane ne aka samu, a gwada shi. Ya karanta shafi guda da ƙarfi, ya yi lissafin ajin da zai shiga, ya koyar da darasi ɗaya a gaban hedimasta. A binciki halinsa wurin mutanen da suka san shi, musamman mata, gama su ne suka fi jin abin da ake ɓoyewa. Mashayi, mai saurin hannu, ko wanda aka taɓa zargi da lalata da yara, kada ya kusanci aji, ko ɗan wane ne. A kafa doka tun farko: ba a kulle ƙofa da yaro, ba a kiran yarinya gida, ba a aika yara gonar kowa. A gaya wa yara wanda za su kai wa ƙara, mace ɗaya da namiji ɗaya.

Mu tuna kuma makarantar gwamnati ta kowa ce. 'Ya'yan Kirista da na Musulmi da na sauran maƙwabtanmu suna zaune a benci ɗaya. A zaɓi mai taimako saboda iyawarsa, ba saboda majami'arsa ko ƙabilarsa ba. Sanarwa a bayan sujada tana da kyau, amma taron yanke shawara a yi shi a makaranta ko a ƙofar dagaci, inda kowa zai zo.

Batun kuɗi

Aikin sa kai yakan fara da zafi, ya huce a mako na uku. Mai taimako yana da ciki, yana da iyali, yana da gona. In rashin malami ya faɗo a damina ko lokacin girbi, dole a yi tunanin gonarsa. Gara a yi magana a fili tun farko.

A ce an yarda da alawus na naira 30,000 a wata har wata uku. Jimla 90,000 ke nan. In gidaje 90 suka ba da 1,000 kowane, an gama. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo mudun hatsi. Matasa su yi wa mai taimako gayya a gonarsa. Zumuntar mata, ƙungiyar 'yan gari mazauna birni da tsofaffin ɗalibai su ma a nemi hannunsu. A tara aƙalla rabin kuɗin kafin ya fara. Ma'ajin kwamiti ne zai riƙe, ba hedimasta ba, a ba da rasit, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata.

Wannan gudummawa ce ta son rai. Dokar 2004 ta hana karɓar kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, har ta tanadi hukunci. Kada a kori yaro ko ɗaya domin iyayensa ba su bayar ba. In muka yi haka, mun kori waɗanda muke cewa muna ceto, marayu da 'ya'yan gwauraye su ne farko.

A rubuta yarjejeniya a shafi guda: ranar farawa, ranar gamawa, awoyin aiki, ajin da zai taimaka, alawus da ranar biya, da wanda zai duba aikinsa. A rubuta kuma cewa wannan ba alkawarin aikin gwamnati ba ne. Rashin wannan layi ɗaya ya sha haddasa gaba tsakanin gidaje.

Abubuwa biyu da za mu guje wa

Na farko, malamin haya. Wato malami ya tafi harkarsa, ya turo ƙanensa ko abokinsa ya tsaya masa, yana gutsura masa daga albashi, ofis bai sani ba. Ba wanda ya gwada wannan mutum, ba wanda zai tuhume shi in ya yi ɓarna, kuma a takardun hukuma makarantar tana da malami, don haka ba za a aiko da kowa ba.

Na biyu, tsarin wucin gadi ya zama na dindindin. In ofis ya ga ƙauye ya iya da kansa, zai iya mantawa da shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa ranar gamawa take cikin yarjejeniya, shi ya sa kuma kwamiti zai ci gaba da komawa ofishin ilimi kowane wata, ko da aji yana tafiya lafiya.

In makarantar ta ikkilisiya ce

A nan ba hukumar da za a rubuta wa, ikkilisiya ce mai makaranta. Kwamitin makaranta ya riƙa ware wani abu daga kuɗin kowane zango domin irin wannan rana. Dokar ƙwadago ta ce macen da ta yi aƙalla wata shida tana aiki tana da haƙƙin aƙalla rabin albashinta a lokacin hutun haihuwa, kuma ba a sallamarta saboda hutun. Wanda aka ɗauka ya riƙe mata aji ya san tun farko cewa za ta dawo.

Ranar da malami ya dawo

Mai taimako ya miƙa masa rajista da makin yara, ya nuna inda aka tsaya. A sake gwajin karatu, a gwada da na farko, a ga su wa suka ci gaba, su wa suka tsaya. Mako biyu na farko su zama na bita. A duba rajista a fitar da sunayen yaran da suka daina zuwa, 'yan kwamiti su bi su gida ɗaya bayan ɗaya. Malamar da ta dawo da jariri a nema mata inuwa da mai reno babba, kada a cire yarinya daga aji domin ta goya mata. Wanda ya tashi daga ciwo a rage masa nauyi har ya yi ƙarfi. A gode wa mai taimako a gaban jama'a, hedimasta kuma ya ba shi takardar shaidar aikin da ya yi, za ta amfane shi ranar neman aiki.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Malamai nawa ne a makarantarmu, yara kuma nawa? Wa ya taɓa ƙirgawa?
2. Akwai malamin da zai tafi hutu, karatu ko ritaya a wannan shekara? Yaushe?
3. Su wane ne 'yan kwamitin makarantarmu? Yaushe suka yi taro na ƙarshe?
4. Su wa ke cikinmu da suka taɓa koyarwa ko suke da NCE?
5. In an aiko mana da malami gobe, a ina zai kwana?

Muna roƙon dattawa, zumuntar mata da matasa su karanta wannan tare, su gayyaci hedimasta da maƙwabta, su rubuta amsoshin a ajiye a hannun sakataren kwamiti kafin zango mai zuwa ya fara.